Injin Ban-Ruwa da Ke Cikin Ƙirji

Kawuna yana noman rani a wajen Kura, albasa da tumatir, kuma duk wahalarsa ta shekara a wuyan wani ɗan injin ban-ruwa take rataye. Wata safiya ina lambun injin ya ƙi jan ruwa. Yana tashi, yana ruri yadda ya saba, amma abin da ke fitowa a bakin mesa bai fi na bakin buta ba. Aka kira mai gyara, wani dattijo da baƙin mai ya rine wa farata. Na zaci zai kwance injin nan take. Sai ya tsuguna ya kasa kunne tukuna. Ya zare fulogi ya ɗora a jikin ƙarfe, ya ce a ja igiya, ya ga wuta tana tartsatsi. Ya cire siririn tiyon da ke kai fetur ya busa, iska ta wuce. Daga nan ya naɗe ƙafar wando ya shiga ruwa, ya ɗago ƙarshen mesar inda bawul yake. Robar ta cinye. Duk ruwan da injin ya zuƙo, rabi sai ya sulale ya koma inda ya fito.

"Alhaji, injinka lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Ƙofa ce ba ta rufuwa."

Bayan shekara biyu wannan safiyar ta dawo mini a barandar asibiti. Matar ƙanena ta haihu, ba a jima da gama wankan jego ba ƙafafunta suka kumbura. Ba ta iya kwanciya sai an jera mata matasan kai, in ta zaga bayan gida ta dawo sai haki. A wani ƙaramin asibiti an yi mata hoton ƙirji, an kuma yi gwajin nan da ake manna wayoyi a jiki. Da aka turo mu babban asibiti, likita ya duba ta ya sake rubuta wani hoton. Kawu, wanda kuɗin albasarsa ne a aljihunmu, ya ɗaga ambulan.

"Likita, ai an yi mata hoto, ga shi nan. Hoto nawa ake yi wa mutum ɗaya?"

"Baba, wancan ya nuna mana zuciyar ta yi girma. Bai gaya mana dalili ba. Wannan shi zai gaya mana."

Da muka fito na ce, "Kawu, ka tuna mai gyaran injinka? Da ya ga wutar fulogi lafiya, ai bai tattara kayansa ya tafi ba." Ya yi shiru, sannan ya miƙo kuɗin.

Tambayar Kawu ita ce tambayar yawancinmu. Mun haɗa na'urori biyar ko shida mun ba su suna ɗaya, hoto, shi ya sa mutum zai ce maka an yi masa hoto an ce ba komai, alhali abin da aka duba daban, abin da ke damunsa daban. Zuciya ba ta wuce dunƙulen hannun mai ita ba, amma tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jini kimanin lita 5 a minti ko mutum yana zaune. Jarkar mai ga-ruwa ke nan cike cikin minti biyar. Tana da ɗakuna huɗu da ƙofofi huɗu, tana da wutarta, tana da tiyon manta, ga kuma mesar da ke kai jini ko'ina a jiki. Kowanne yana iya lalacewa shi kaɗai, kowanne kuma da na'urar da ke ganinsa.

Gwajin wayoyin nan, ECG, duba fulogi ne. Ba ma hoto ba ne, zanen wutar zuciya ne a takarda. Yana kama bugun da ya rikice, yana nuna alamar tsokar da jini ya yanke mata, amma mutum yana iya samun takarda mai kyau a kwance alhali jijiyarsa ta kusa toshewa. Shi kuwa hoton ƙirji, wanda ya samo asali daga hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, inuwa ce. Kamar ka hango mutum ta bayan labule fitila na bayansa: ka ga faɗinsa, amma ba ka san ƙiba ce ko babbar riga ba. In faɗin zuciya ya wuce rabin faɗin ƙirji, likita zai ce ta yi girma. To ɗakunan ne suka saki, ko ruwa ne ya taru a jakar da ke lulluɓe da ita, kamar yadda tarin fuka kan jawo? Inuwa ba ta da amsa.

Wanda aka rubuta mana shi ake kira eko, kuma a kansa nake so in daɗe. Duk macen da ta taɓa sayen randa ta san asalinsa. Za ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa ta saurara: mai lafiya tana amsawa rau, mai tsaga tana amsawa a dakushe. Yaron da ya leƙa rijiya ya yi kuwwa, ya ji muryarsa ta dawo, shi ma ya san mai zurfi ta fi jinkirin amsawa. Na'urar eko tana aika sauti ne cikin ƙirji, sautin da ya fi ƙarfin kunnen ɗan Adam, don kunnenmu ba ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa, ita kuwa tana aiki da miliyoyi. Sautin ya bugi bangon zuciya ya dawo, kwamfuta ta auna jinkirin, ta mayar da shi hoto mai motsi. Mun saba cewa gani ya kori ji. A nan jin ne ya rikiɗe ya zama gani. A 1953 wani likita, Inge Edler, da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka fara wannan a garin Lund na ƙasar Suwidin, da na'urar da suka aro daga wata masana'antar ƙera jiragen ruwa, inda ake neman tsaga a cikin ƙarfe da ita. Ashe ƙwanƙwasar randar ce dai.

An bar ni na shiga da ita. Ɗakin da ɗan duhu. Ta kwanta a gefen hagu, aka shafa mata wani mai mai sanyi da yauƙi, likitan ya ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari yana juyawa a hankali har hoton ya fito, kamar mafici a buɗe. Na ga ƙofofin suna buɗewa suna rufewa kamar fikafikan ɗan tsuntsu. Bangon kuwa da ƙyar yake matsowa, kamar hannun da ya gaji da murza. Ya danna wani wuri, launuka suka bayyana, ja da shuɗi. Mutane suna zaton ja jini mai kyau ne, shuɗi mara kyau. Ba haka ba ne: ja shi ne jinin da ke nufo kan na'urar, shuɗi wanda ke guduwa daga gare ta. Ka tsaya a bakin titin Zariya motar kaya ta taho tana hon, za ka ji muryarta siririya tana zuwa, ta yi kauri da zarar ta wuce. Wannan sauyin, da Christian Doppler ya bayyana tun 1842, da shi ake gane inda jini ya nufa da saurinsa. A nata hoton, duk bugu sai wani harshen launi ya koma baya ta ƙofar hagu. Ɗakin zuciyar ya buɗe har ƙyauren ba ya kaiwa bakin ƙofa.

Akwai lamba ɗaya da ya kamata duk mai ciwon zuciya ya tambaya. Zuciya ba ta juye jinin cikinta duka a bugu ɗaya. Mai lafiya tana fitar da kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari. In ya sauka zuwa 40 ko ƙasa, injin ya raunana. Nata ya yi ƙasa da hakan sosai.

Ciwon ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A 1978 likitoci biyu da suka yi aiki a Zariya, Davidson da Parry, suka wallafa bincikensu kan raunin zuciyar masu jego, inda suka same shi a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari, adadin da ya girgiza likitocin duniya. Sun ɗora zargi a kan kunun kanwa, saboda gishirin da ke cikinta, da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye a Kano ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin da yawa daga cikin matan. Ga kuma hawan jini, wanda ke sa bangon zuciya kauri kamar damtsen maƙeri kafin ya gaji ya saki. Ga ciwon maƙogwaron yara da aka raina, wanda kan dawo bayan shekaru ya ƙanƙance ƙofar zuciya ko ya hana ta rufuwa. Wani bincike da aka buga a 2007 kan 'yan makaranta a Kambodiya da Mozambik ya gano cewa eko yana kama masu wannan ciwon ninki goma na abin da abin sauraron likita ke kamawa. Duk waɗannan ciwon bango ne da ƙofa, kuma eko ne idonsu. Ba allura, ba hasken da ke cutarwa, mai ciki ma ana yi mata. Da ni ake tambaya inda za a zuba kuɗi, da na ce a kai ƙananan na'urorin eko kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, tunda yanzu har akwai waɗanda ake jonawa da waya, a kuma horar da masu riƙe su. Horon ya fi na'urar muhimmanci, don hoton eko a hannun mai ɗauka yake.

Amma akwai abin da eko ba ya gani. Injin Kawu ruwa yake ja yini guda, amma ba ruwa yake sha ba. Rayuwarsa tana cikin siririn tiyon fetur. Haka zuciya. Jini yana ratsa ɗakunanta, amma abincinta ta wasu ƙananan jijiyoyi yake zuwa, waɗanda ke kwance a jikinta ta waje, kaurinsu milimita 3 zuwa 4, kamar bututun tawadar biro. Kitse ne ke taruwa a bangonsu a hankali, musamman ga mai ciwon suga, da mai shan taba, da mai hawan jini. Mutum ya ji ƙirji ya yi nauyi in ya hau bene, ya lafa in ya tsaya. Ran da tarin ya fashe jini ya daskare a kansa, tsokar da ke gaba ta fara mutuwa.

Don a ga waɗannan sai an zuba rini, kamar ka zuba bula a bakin magudana ka bi ka ga inda shuɗin ya tsaya. Ana shigar da siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har bakin zuciya, a fesa ruwan da hasken hoto ba ya ratsawa, jijiyoyin su fito baƙi kamar rassan bishiya, wurin da ya tsuke ya yi kamar an ɗaure shi da zare. Mutumin da ya fara kai bututu cikin zuciyar ɗan Adam, Werner Forssmann, a jikinsa ya gwada a 1929 a Jamus: ya zura ta gwiwar hannunsa, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto. Mason Sones kuwa a Cleveland ta Amurka, a 1958, bisa kuskure rininsa ya shiga jijiyar zuciyar wani majinyaci. Mutumin ya rayu, aka gane ashe ana iya yi. Tun 1977, da Andreas Grüntzig ya buɗe jijiya da ɗan balan-balan a Zurik, wannan hanya ta zama dubawa da gyara a zama ɗaya, yanzu har a bar 'yar ragar ƙarfe a wurin don kada ya sake tsukewa.

CT, wanda Godfrey Hounsfield ya fara gwadawa a kan majinyaci a Landan a 1971, yanka jiki yake yi da haske kamar yadda mai shayi ke yanka burodi, kwamfuta ta jera yankan. Ka riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu, an gama. Yana ganin farin ɓawon da ke taruwa a jijiya, irin na cikin tsohuwar butar shayi. Shi da na bututu duka suna da haske mai illa in ya yawaita, rininsu kuma yana wahalar da ƙoda mai rauni, shi ya sa ake gwada ƙoda tukuna, mai ciki kuma ta faɗa tun kafin ta hau. MRI idon mahauci gare shi, yana bambance tsoka mai rai da wadda ta zama tabo. Da maganaɗisu yake aiki, mai ƙarfin gaske, don haka mai walda da ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa faɗa wa ido kada ya ɓoye wannan ko kusa.

Mesar da ke fita lambu ma tana da nata. Da irin na'urar eko ake bin jijiyar wuya don neman tarin da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, da ta ƙafa in ta kumbura ita kaɗai don neman gudan jini, da babbar jijiyar ciki in ta yi kumbo kamar tsohon tib ɗin keke.

An ɗora matar ƙanena a kan magungunan rage ruwa da na sauƙaƙa wa zuciya aiki, aka hana ta kanwa da yawan gishiri, aka zaunar da mijinta aka ce masa maganar wani cikin a jingine ta sai eko ya ba da izini. Bayan wata shida muka koma. Wannan karon Kawu da kansa ya nemi a bar shi ya shiga. Ya tsaya a ƙafar gado, hularsa a hannu, yana kallon maficin nan mai motsi. Bangon ya soma matsowa da ɗan ƙarfi.

"Likita, ƙofar fa? Ta soma rufuwa?"

Likitan ya danna launukan, ya sa yatsa a kan gilashin. Harshen da ke komawa baya yana nan, amma ya ragu, bai fi tsinin tsinke ba. Kawu ya matso ya sunkuya, ya daɗe yana kallo.