Maƙoƙon Uwa da Basirar Ɗanta

Kowa ya san maƙoƙo, amma ba kowa ya san abin da ke kumbura ba. A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai fiffike biyu, likitoci suna ce da ita tairoid. Aikinta shi ne ta tsamo aidin daga cikin jini, ta haɗa wani sinadari da shi wanda ake kira tairoksin. In aidin ya yi ƙaranci a abinci sai ta yi ta girma don neman abin da babu. Wannan shi ne maƙoƙo.

To, ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ta ginuwa sosai sai da tairoksin. Ga shi kuwa tasa tsokar ba ta fara aiki sai ciki ya kai kamar mako 12, ba ta kuma kama aiki sosai sai wajen mako 20. Kafin nan da na uwarsa ya dogara. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa mai ciki maikrogiram 250 na aidin a yini, sauran manya kuwa 150.

An ga gaskiyar wannan a kwarin Jimi, cikin duwatsun ƙasar Papuwa Niugini, inda aidin ya yi ƙaranci ƙwarai, ana yawan haihuwar yara kurame, bebaye, masu raunin hankali. A 1966 likitoci suka fara bi gida gida, wannan gida a yi musu allurar mai da aka gauraya da aidin, na gaba a yi musu ta ruwan gishiri kawai. A 1971 Pharoah da Buttfield da Hetzel suka buga abin da suka samu. Cikin yara 534 na matan da ba su sami aidin ba, 26 sun zo da wannan lahani. Cikin 498 na waɗanda suka samu kuwa 7 ne kaɗai, kuma 6 daga cikinsu iyayensu na da cikin tun kafin a yi allurar. Watau maganin ya zo musu a makare.

Har inda abinci ke da aidin, tsokar uwa takan gaza don kanta. A 1999 Haddow da abokan aikinsa a jihar Maine ta Amurka suka buga sakamakon auna basirar yara 'yan shekara 7 zuwa 9. 'Ya'yan mata 48 da tsokarsu ta gaza ba a yi musu magani ba sun kasa sauran yara da kamar maki 7.

Mutum sai ya ce, ai sai a auna jinin kowace mai ciki a ba ta magani. An gwada haka a Birtaniya da Italiya da mata fiye da 20,000, aka buga a 2012. An fara ba da maganin wajen mako 13, amma da yaran suka shekara 3 ba a ga bambanci ba. Waɗansu masana sun ce raunin tsokar matan kaɗan ne, waɗansu suka ce an makara. A ganina darasin Jimi ya ƙarfafa magana ta biyu, ko da yake bai yanke ta ba.

Shi ya sa ake zuba aidin a gishiri, don ya riga cikin isa jikin mace. Suwizalan ta fara a 1922, Nijeriya kuwa ta wajabta shi a 1993.