Faifan da Bai Kai Rabin Awa Ba: Me Ke Jan Matasa ga Kiɗan Metal Mai Zafi?

A watan Oktoba na 1986, wasu samari huɗu daga jihar Kalifoniya ta Amurka, masu kiran kansu Slayer, suka fitar da faifai mai suna Reign in Blood. Waƙoƙi goma ne, duka-duka ba su kai rabin awa ba. Wanda kunnensa bai saba ba zai ce hayaniya ce kawai, amma wannan faifai na cikin waɗanda suka shata wa kiɗan metal mafi zafi hanya.

Ƙarfinsa yana ga sauri. Dave Lombardo, haifaffen Kyuba, yana taka manyan ganguna biyu da ƙafafunsa, dama da hagu, ka ce ƙanƙara ce ke zuba a kan kwanon rufi. Jitar Kerry King da ta Jeff Hanneman suna rige-rige, Tom Araya kuwa ba ya rerawa, watso kalmomi yake yi da ƙarfin wuya. Rick Rubin na kamfanin Def Jam, wanda ya tsara sautin, ya rage amsa-kuwwar da aka saba sa wa irin wannan kiɗa, don haka kowane bugu yake fitowa tas, kamar a gabanka ake yi.

Abubuwa uku suka sa ya karɓu. Na farko, a lokacin mawaƙan da ke tashe a Los Angeles da tashar MTV masu kwalliya ne da waƙoƙin soyayya, alhali matasa da yawa suna neman kiɗan da zai faɗi fushin da ke cikinsu. Na biyu, Hanneman ya tashi da son kiɗan punk, ya ɗauko gaggawarsa. Na uku, da yake gidajen rediyo sun kawar da kai, masoya suka riƙa musayar kaset ta gidan waya, har abin ya ƙetare teku.

Bayansa salon death metal ya bunƙasa a Filorida, black metal a Norway, yau har a Botswana akwai ƙungiyoyi irin su Overthrust ta garin Ghanzi. A 2015, wani bincike na Jami'ar Queensland ta Ostareliya kan mutum 39 masu son wannan kiɗa ya nuna cewa sauraronsa bayan an fusata su bai ƙara musu fushi ba, nutsuwa ma ya kawo musu.

Sai dai ba a rasa nono a ruga, akwai illa. Kamfanin Columbia ya ƙi rarraba faifan saboda waƙar farko ta zayyana ta'asar Josef Mengele, likitan Nazi na sansanin Auschwitz, ko da yake mawaƙan sun musanta goyon bayansa. A Norway kuwa, wasu daga cikin 'yan black metal sun wuce gona da iri har suka ƙona majami'u. Tsohuwar majami'ar katako ta Fantoft da ke Bergen ta ƙone ƙurmus a 1992.

Gwanintar da ke cikin wannan kiɗa ta gaske ce, haka ma sauƙin da wasu ke samu a cikinsa. Amma gwaninta ba ta wanke mugun saƙo. Duk mai saurare ya auna kalmomin kamar yadda yake auna bugun, iyaye kuma su tambayi ɗansu abin da ke ci masa rai kafin su ƙwace abin da ke kunnensa.