Maikirowef Ta Daina Aiki: Abin da Ake Dubawa a Gida

Na'urar ɗumama abinci, wato maikirowef, tana jan wuta sosai, sau da yawa fiye da wat 1,000. Shi ya sa a gidajen unguwar Jambutu da ke Jimeta, idan wuta ta zo da rauni ko aka jona ta da ƙaramin janareta, sai faranti ya yi ta juyawa amma tuwo ya fito da sanyinsa. A nan ba na'urar ce ta lalace ba.

Idan ta ƙi kunnuwa sam, ana fara duba soket, sannan fis ɗin da ke cikin filogi, sai ƙofa, domin ba ta aiki sai ƙofar ta rufu ruf. Tartsatsi kuwa yawanci daga cokali ko kwanon ƙarfe yake, ko maiƙon da ya ƙone a bangon ciki. Ƙurar hunturu takan toshe ramukan iska, zafin Jimeta na watan Afrilu ya ƙaru a kai, sai ta riƙa mutuwa tana tsakiyar aiki; gogewa da ba ta sarari kan magance wannan.

Kwance murfinta kuwa haɗari ne babba. Kafasitar ciki tana iya riƙe kusan bolt 2,000 ko bayan an zare filogi, kuma tana kisa. Wannan aikin ƙwararren mai gyara ne kaɗai.