Fadar Topkapi a idon ɗalibanmu

Da wuya ɗalibinmu da ke karatu a Turkiyya, ɗan Shinkafi ne ko Ƙaura Namoda ko Zurmi, ya dawo gida babu hoton fadar Topkapi a wayarsa. Mu dai a ganinmu ziyarar ta fi ƙarfin hoto.

Sultan Muhammad Alfatih ne ya gina fadar a Istanbul bayan ya ci birnin a 1453, bisa tudun da ke kallon mashigin Bosforus. Daga nan aka juya Daular Usmaniyya kusan shekara 400, kafin sarakuna su koma Dolmabahce a 1856. An mayar da ita gidan tarihi a 1924. Lambunta na waje kuwa, Gulhane, yau wurin shan iska ne na kowa da kowa.

Inda jikin musulmi ke yin sanyi shi ne ɗakin amanoni masu alfarma. A nan aka ajiye mayafi da takubba da ake jingina wa Manzon Allah (SAW), da makullan Ka'aba, yawancinsu an kawo su ne bayan Sultan Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517. Dare da rana alarammomi na karɓa-karɓa da karatun Alƙur'ani a wurin. Da gangan muka ce "ake jingina wa", domin tabbatar da kowane ɗaya aikin malaman tarihi ne. Ɗalibi ya kalla da ladabi, ya yi salati, ya bar shafa gilashi da sunan neman tabarraki.

Ba baƙi ba ne mu a ƙofar nan. A shekarun 1570 Mai Idris Alauma na Borno ya aika jakadu ga Sultan Murad na uku, aka kuma rubuto masa amsa.

Sai dai idan aka tambayi ɗalibin nan ina Alƙalawa take, sau da yawa shiru za a ji. Babban birnin Gobir ke nan, wanda rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci a 1808, inda Sarki Yunfa ya rasa ransa. Kufansa na ƙasar Sabon Birni, arewa da Shinkafi ta hanyar Isa, hanyar da 'yan bindiga suka sa ake bi da fargaba. Kafin ta buɗe, dattawan da suka riƙe labarin Gobir da Zamfara suna nan a zaurukanmu, kuma wayar da ta ɗauki hoton Topkapi tana iya naɗar muryarsu a wannan hutun.