Nvidia ko AMD: Wanne Ya Dace da Kai?

Katin hoto shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana abin da kake gani a allo. In ya yi rauni, ko wasan ƙwallo ka kunna sai ya riƙa sarƙewa. Kamfanoni biyu na Amurka ne suka fi tashe: Nvidia mai GeForce, da AMD mai Radeon.

In wasa kaɗai za ka yi, na AMD sau da yawa ya fi araha. Mai zane a Blender kuwa, na Nvidia ya fi yi masa sauri. Sannan ka duba cin wuta: RTX 4060 wat 115 yake ci, RX 7600 kuma 165. In da sola ko ƙaramin janareta kuke aiki a gida, wat 50 ɗin nan ba kaɗan ba ne.