3.4 Ra'ayoyin 'Yan Kallo da Masu Sharhi a Kan Fim ɗin A Beautiful Mind

Fim ɗin A Beautiful Mind, wanda Ron Howard ya ba da umarninsa a shekarar 2001, an gina shi ne a kan littafin da Sylvia Nasar ta wallafa a 1998 game da rayuwar John Nash. Shi dai Nash masanin lissafi ne ɗan ƙasar Amurka wanda ya yi fama da ciwon taɓin hankali shekara da shekaru, kafin ya sami lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 1994.

Ta fuskar 'yan kallo, fim ɗin ya sami karɓuwa ƙwarai, domin kuɗin da ya samar a duniya sun haura dala miliyan 300. Haka kuma ya ci lambobin Oska guda 4 a 2002, ciki har da ta gwarzon fim. Abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a shi ne dabarar da aka yi ta sa mai kallo ya yarda da mutanen da Nash yake gani, wato abokin ɗakinsa da wani jami'in leƙen asiri, sai can daga baya ya gane ashe babu su.

To, amma wannan dabara ita ce farkon abin da masu sharhi suka soka. A haƙiƙa Nash ba gane-gane ya riƙa yi ba, muryoyi yake ji, kuma yana ƙudurce abubuwan da ba su da tushe. Bugu da ƙari, an ɓoye ɗan da ya haifa kafin aurensa, ba a kuma nuna rabuwarsa da matarsa Alicia a 1963 ba, duk da cewa sai a 2001 suka mayar da aurensu. Hatta jawabin karɓar lambar Nobel da aka rufe fim ɗin da shi, ƙirƙira ce.

Sai dai a ganin wannan nazari, duk waɗannan ba su kai batun magani nauyi ba. A fim ɗin an sa Nash ya ce yana shan sababbin magunguna, alhali kuwa tun wajen 1970 ya daina shan magani. Masu shirya fim ɗin sun kare kansu da cewa gudu suke kada marasa lafiya su yi koyi da shi su watsar da magungunansu. Wannan hujja tana da ƙarfi, domin ba kowane majinyaci ne zai sami sauƙi irin na Nash ba. Amma kuma ta nuna cewa da gangan aka sauya tarihin mutumin da yake raye a lokacin, a kan abin da ya shafi jinyarsa, kuma ba a sanar da mai kallo hakan a cikin fim ɗin ba.