Iyakar Abin da Mai Waya Zai Iya Sauyawa a Manhajar Kamfani

Gombe: A unguwar Tudun Wada, inda Jami'ar Jihar Gombe take tun 2004, wayar salula ta zama jarin ɗalibai da masu shaguna da masu sana'ar POS. Sai dai da yawa daga cikin masu saye ba su san cewa ikonsu a kan tsarin wayar yana da iyaka ba.

Akasarin wayoyin nan suna aiki ne da manhajar Android ta kamfanin Google, wadda ta fara fitowa kasuwa a 2008. Amma kowane kamfani yakan ɗora tasa riga a kanta. Tecno yana da HiOS, Infinix yana da XOS, kuma dukkansu na kamfanin Transsion ne da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Samsung ya gabatar da One UI a 2018, Xiaomi kuwa ya maye gurbin MIUI da HyperOS a 2023.

Mai waya yana iya sauya hoton fuska da jerin alamomi da sautin kira. Tun daga Android 12 na 2021, launukan wayar ma suna iya bin hoton da ya zaɓa. Haka kuma yana iya sauko da wata manhajar da za ta sauya masa fuskar gaba, amma shafin saiti da na sanarwa za su zauna yadda kamfani ya tsara su.

Babbar matsalar ita ce manhajojin da ake dasawa tun daga masana'anta. Wasu ba sa goguwa, sai dai a dakatar da su, alhali suna cin gurbin ajiya, wasu kuma suna kawo tallace-tallace masu cin data. Kamfanoni suna samun kuɗin shiga ta wannan hanya, abin da ke taimaka musu wajen sassauta farashi.

Masu gyara sukan yi tayin fasa kullin wayar domin cire su. A nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya yi hattara. Fasa kulli yana goge duk abin da ke cikin waya, yana iya soke garanti, sa'an nan manhajojin bankuna da dama ba sa buɗewa a wayar da aka fasa. A wayoyin Samsung, tsarin tsaro na Knox yana barin shaidar da ba ta kankaruwa. Huawei ma ya daina ba da lambar buɗe kulli tun 2018.

Saboda haka, kafin a biya kuɗi, yana da kyau a kunna wayar a shago, a duba abin da ke goguwa da gurbin da ya rage, a kuma tambayi shekarun da kamfani zai ci gaba da sabunta manhajar. Dillalin da ya bayyana wa mai saye waɗannan tun farko ya tsare kansa daga rigimar mayar da kaya.